Taken da Ban Amsa Ba

Ni mutum ne mai gardama, wannan ko ni ba na musunta shi. Shagona yana kusa da tasha a Rano, cajin waya nake yi da tura waƙoƙi a memori, kuma da an idar da la'asar bencin ƙofar shagon yake cika. Mu uku ne ba ma fashi: ni Abubakar Sadiq, da Mukhtar, malamin Hausa da aka turo wata sakandare ta garin shekara uku da suka wuce, sai Sagiru ɗan acaɓa, mutumin Rurum, wanda ya fi son musu a kan ɗaukar fasinja. Sauran duk 'yan kallo ne, su zo karɓar waya, su tsaya su sha dariya, su kama gabansu.

Musunmu ɗaya ne kullum, kiɗa da waƙa. Mukhtar ne ya kawo mana wata ƙa'ida, wai kowace rana mutum ɗaya zai faɗi ra'ayin da ya tabbata za a zage shi a kai, kuma ya tsaya ya kare shi har a kira magariba. Sagiru ya taɓa cewa waƙoƙin soyayya na fiyano sun fi na Indiya daɗi, aka yi masa ca. Mukhtar ya taɓa cewa duk mawaƙin da ya sallami 'yan amshinsa ya rungumi kwamfuta ya gama waƙa, abin da ya rage masa talla ce. Ni kuwa ba sai na wahala wajen nemo ra'ayi ba, domin a kaf Rano ban san wanda yake sauraron kiɗan Turawan nan na rok ba in ba ni ba. Jita mai lantarki, ganguna biyar a gaban mutum ɗaya, gashi har gadon baya, su ne mutanena.

"Sadiq, don Allah rage mana wannan abin," haka Sagiru yake cewa duk na kunna a sifika. "Wallahi kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali."

"Kunnenka ne bai yi makaranta ba," in ce masa. "Kai da waƙa ɗaya ake ta kawo maka da suna ɗari. A canza sunan budurwa, a bar kiɗan yadda yake, ka taho jiki na rawa a tura maka sabuwa."

Daga nan sai in gyara zama in shiga yi musu bayanin ƙungiyoyin, wace ce ta fara da kyau ta lalace, wane albam ne na gaskiya, wane ne na neman suna. Ra'ayina shi ne kowace ƙungiya albam ɗinta na farko ne abin ji, lokacin suna cikin yunwa suna kwana a mota. Daga na uku sun ƙoshi, sai ƙara kawai. Babu wanda ya san mutanen da nake magana a kansu, don haka babu mai iya kayar da ni, kuma in gaya maka gaskiya hakan yana yi mini daɗi.

Wata Litinin cikin damina, an ɗauke ruwa ke nan, ranar kuma tawa ce ta kawo ra'ayi, Mukhtar ya zo yana washe baki. Ya ce wani abokin aikinsa ya tura masa wani abu, sai mun ji. Ya kunna wayarsa ya ɗora a benci. Gangar noma ce, ɗaukar ma ba ta yi kyau ba, iska sai hurawa take a ciki, amma tun bugu na biyu na gane hannun.

"Ku ji kiɗa," in ji Mukhtar, yana lumshe ido. "Wani tsoho ne a Durba, Shitu Mai Ganga. An ce a duk ƙasar Kibiya shi kaɗai ya rage da ya riƙe taken kowane manomi a ka. Waɗannan su ne makaɗa, ba masu gashin nan naka ba."

Da na yi shiru da shi ke nan, an wuce wurin. Amma bakina ya riga hankalina.

"To ga ra'ayina na yau," na ce. "Gangar noma ba kiɗa ba ce. Hayaniya ce da ake yi wa mutum a ka don ya manta bayansa yana ciwo, kamar yadda ake yi wa shanun huɗa tsawa. Mai yinta kuma ba makaɗi ba ne, maroƙi ne da ya sami inuwa yana kallon mutane suna aiki, in an tashi a ba shi dami."

Benci ya kaure. Wani dattijo da ya zo karɓar waya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya shirye ni, ya wuce. Ni kuwa sai ƙara wuta nake yi. Na ce bugu uku ne kacal ake ta maimaitawa, na ce ko jarka aka kifa za ta yi wannan aikin, na ce duk wanda ya ce yana jin daɗinta a waya ƙarya yake, son a ce yana kishin gargajiya ne. Duk hujjar da Mukhtar ya kawo sai na karya ta, kuma na karya ta da kyau, domin na san gangar nan fiye da shi nesa ba kusa ba.

Shitu Mai Ganga mahaifina ne.

A Durba aka haife ni. Da mahaifiyata ta rasu ina shekara goma sha biyu, sai ƙaninta, Kawu Ɗanmalam, ya ɗauko ni ya kawo ni Rano don in yi sakandare. A satina na biyu a makarantar malami ya tambayi kowa sana'ar ubansa, ni kuma da wautata na faɗi gaskiya. Daga ranar na zama ɗan maroƙa. In na shigo aji sai a fara dukan tebur, a ce in yi kirari a ba ni goro. Shekara guda ina shan wannan, da aka canza mini makaranta kuwa sai na zama ɗan gidan Ɗanmalam kawai, mai koyar da Alƙur'ani, kuma a haka Rano ta san ni har yau. Ban taɓa cewa ba ni da uba ba. Ban dai taɓa cewa ina da shi ba. Ina zuwa Durba da Sallah, in gaishe shi, in ajiye masa shadda, in juyo kafin la'asar.

Sagiru ne ya ɓata mini lissafi a ranar. Ya ce ai shi ya ji a bakin fasinja cewa ranar Alhamis akwai gayya a Fassi, a gonar wani Bappa, kuma Shitun nan aka gayyato.

"Shi ke nan musu ya ƙare," in ji Mukhtar. "Ba a yanke wa kiɗa hukunci a waya. Mu je mu ji da kunnenmu, in Sadiq ya dawo yana nan a kan bakansa, ni zan yarda na faɗi."

Na ce shago fa, wa zai tsare mini. Na ce hanya ta yi caɓi. Sagiru ya kwashe da dariya ya ce wa 'yan kallo su shaida, yau sarkin gardama yana neman hanyar gudu. To ni a duniya babu abin da na tsana kamar a ce na gudu daga musu. Na ce Allah ya kai mu Alhamis ɗin.

Kwana biyun nan ban ji daɗin abinci ba. Sau uku ina lalubo lambar Baba a waya, in zuba mata ido, in mayar da wayar aljihu. In na kira in ce masa me? In ce Baba jibi idan ka gan ni kada ka nuna ka san ni? Wannan maganar ko ni marar kunya ba ta fita a bakina. Sai na lallashi kaina da cewa Fassi ba Durba ba ce, babu wanda ya san fuskata a can, taro ne mai yawa, kuma idon Baba ba kamar da ba. Zan tsaya daga baya-baya, mu ji, mu dawo.

Da sassafe ranar Alhamis muka hau babur ɗin Sagiru mu uku. Na sa hular sanyi da baƙin tabarau, har Mukhtar yana tsokanata wai na yi shigar mutanena. Tun kafin mu hango gonar muka jiyo gangar. Ba irin ta waya ba ce, wannan a ƙirji take sauka.

Gonar dawa ce mai faɗi, dawar ta kai gwiwa, huɗa za a yi mata. Manoma sun fi arba'in, kowa da garmarsa, sun jeru a bakin gona kowa ya kama layinsa. Mata na can ƙarƙashin wata ɗorawa da ƙoren fura da tukwanen kunu. Baba kuma yana cikin gonar, ba a inuwa ba. Gangar rataye a kafaɗarsa, ƙafarsa cikin laka har idon sawu, yana bin bayan masu huɗa. Ya rame fiye da yadda na bar shi da Sallah. Na hango Ishiyaku ma, mijin yayata Barira, wanda yake ɗauko Baba da gangar a babur duk inda aka gayyace shi, yana cikin masu garma. Na ƙara jawo hulata.

Wani tsoho da ke tsaye kusa da mu ya ga baƙi ne, sai ya shiga yi wa Mukhtar bayani, Mukhtar kuwa kamar ya haɗiye shi don murna. Ya ce kowane manomi da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da yake nasa shi kaɗai, makaɗi ne yake yanka masa shi ranar da ya ga ya cancanta. Idan aka kaɗa taken mutum, dole ya ɗaga garma ya amsa da kirarinsa, sannan ya faɗa wa layi. Ya ce kuma makaɗi ba ya kaɗa taken wanda ba ya wurin, sai wanda idonsa ya gani. Ni duk na san wannan, amma na tsaya ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji.

Muka ga abin yana faruwa a gabanmu. Baba ya matsa bayan wani ƙato da ya fara sanyi, ya sauya hannu, sai ga mutumin ya miƙe kamar an tsikare shi, ya yi kururuwa ya faɗi sunansa da na kakansa, ya sunkuya ƙasa na tashi. Aka kaɗa wa wani, aka kaɗa wa Ishiyaku, kowa da nasa, babu wanda ya yi kama da na wani. Sagiru da ya zo don ya yi mini dariya sai ga shi yana buga ƙafa.

"Bugu uku ko?" Mukhtar ya raɗa mini. "Ƙirga mana mu ji."

Masu huɗa sun kai ƙarshen gona sun juyo, suna tahowa wajenmu, Baba na biye da su. Ina ta ja da baya har na jingina da babur. Da ya rage kamar taku talatin tsakaninmu sai ya ɗago kai ya dubi bakin gona. Na ga hannunsa ya tsaya, bugu ɗaya ya faɗi. Tabarau da hula ba su yi mini komai ba. Mutumin da ya koya mini tafiya ba ya buƙatar ganin idona.

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin Baba ya yi irin wannan fara'ar ba, haƙoransa duk a waje. Shi a ganinsa ɗansa ne ya taso tun daga Rano, ya kwaso abokansa, don su zo su ga ubansa yana aiki. Ya gyara rataye gangar, ya ɗaga sandar kiɗan sama, ya saki takena.

Ina shekara goma sha ɗaya ya yanka mini shi, ranar da na fara kai layi ƙarshe tare da manya a gonar maƙwabcinmu. Har na kai sha bakwai duk hutun damina ina amsa shi. Amsar kuwa ɗaya ce, babu wata: sai ni Garba na Shitu, gajere mai dogon layi. Garba yake kirana, shi kaɗai. Babu yadda za a yi in amsa ban ambaci sunansa ba.

Masu garma suka dakata suna waige-waige, domin ba su san taken ba. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, ƙafata ta dama ma ta ɗaga da kanta. Sai na ji kafaɗar Mukhtar a jikin tawa, na tuna Litinin, na tuna maroƙi da inuwa da dami, na tuna benci cike da mutane suna ji. Na mayar da ƙafata ƙasa. Na zaro waya ina dubawa kamar an yi mini saƙo.

Baba ya kai ƙarshen taken, gona ta yi tsit. Ya sake ɗaukowa daga farko, a hankali wannan karon, yadda ake yi wa wanda ake zaton bai ji ba. Ya ma ƙara matsowa taku biyu.

"Wa yake kira ne?" in ji Sagiru.

"Oho," in ji tsohon nan na kusa da mu. "Wannan ba na kowa ba ne a nan. Kai, Shitu fa ya fara tsufa. In makaɗi ya fara kiran waɗanda ba sa nan, to ido ya tafi, ko kuma kai."

Na ji wannan da kunnena, ina tsaye, wayata a hannu, ina kallon hoton batir. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba, kuma duk da haka ban motsa ba. Wannan shi ne abin da har yau na kasa yi wa kaina bayani.

A karo na uku fara'ar ta riga ta bar fuskar Baba. Bai ƙara kallona ba, ƙasa yake kallo, hannun kawai ke aiki. Mutane sun fara ƙus-ƙus, wani daga baya ma ya yi 'yar dariya. Kafin ya sauke bugun ƙarshe sai Ishiyaku ya fito daga cikin jeri. Ya riga ya gama nasa layin, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya dube ni sau ɗaya, kallon da ban so in sake gani ba, ya ɗaga garmarsa sama.

"Sai ni Ishiyaku surukin Shitu!"

Ya kama sabon layi shi kaɗai. Baba ya bi bayansa da kiɗan, mata suka yi guɗa, sauran suka sunkuya, aiki ya ci gaba. Tsohon nan ya girgiza kai ya ce yaron kirki ne, ya rufa wa surukinsa asiri, amma kowa ya san ba nasa ba ne, ai an kaɗa nasa ɗazu.

Da rana ta take aka tashi shan fura. Na ce mu tafi haka nan, shago na rufe. Mukhtar ya ce wallahi ba zai bar Fassi bai gaisa da Shitu Mai Ganga ba, ya kama hannuna ya ja ni har gindin ɗorawar.

Baba yana zaune a kan tabarma, gangar a gefensa, Bappa mai gona da wasu dattawa kewaye da shi. Mukhtar ya durƙusa ya gaishe shi, Sagiru ma haka. Ni na tsaya ƙiƙam, na rasa yadda zan yi da jikina. A gidanmu ɗa ba ya ba uba hannu, zubewa yake yi a ƙasa, ya sunkuyar da kai har sai an ce ya tashi. Gwiwoyina sun san haka. Baba ya dube ni, ya dubi abokaina, sai ya miƙo mini hannu.

"Sannu da zuwa, samari," ya ce. "Daga Rano ku ma?"

Na kama hannun. Shekarata ashirin da tara, ranar na fara musabaha da mahaifina. Tafin duk kanta ne.

"Daga Rano," na ce.

Mukhtar ya zauna ya zuba masa yabo, ya ce shi malamin Hausa ne, ya daɗe yana son ganinsa. Sai kuma ya nuna ni yana dariya.

"Baba, ga wanda ya jawo muka zo. Wannan abokin namu cewa ya yi gangar noma ba kiɗa ba ce, hayaniya ce. Har ya ce masu yinta..."

"Mukhtar," na ce.

"A'a, bari in faɗa mana, ai a gaban jama'a ka faɗa. Ya ce masu yinta maroƙa ne da suke zaune a inuwa suna jiran dami. Shi na Turawa yake ji."

Dattawan suka yi salati. Bappa ya ce yaran yanzu sai addu'a. Baba ya murza ɗan yatsansa da ya fashe a gefen sandar kiɗa.

"Ai ba laifi," ya ce. "Kowa da abin da kunnensa ya saba da shi. Damin kuma ana ba mu, ba ƙarya ya yi ba. Da shi muka ciyar da 'ya'yanmu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sagiru kuwa, da ba ya iya barin magana ta kwana a cikinsa, ya ce Baba wane ne wancan da ka yi ta kira bai amsa ba? Ga Bappa a zaune, ga dattawan Fassi, duk mutanen da suke gayyatarsa duk shekara, kowa ya kasa kunne.

"Idona ne," in ji Baba. "Na hango wani a bakin gona na ɗauka ɗana ne. Ashe ba shi ba ne."

"Kana da babban ɗa ashe?"

"Ina da shi. Yana can wajen neman abincinsa."

Bappa ya ce Allah sarki, tsufa ke nan, ya kamata Malam Shitu ya riƙa hutawa haka nan. Wani ya ce ai akwai mai ganga a Kibiya da ya fara tasowa, zai iya rage masa wasu gonakin. Baba ya ce haka ne. Ya tura mana ƙwaryar fura ya ce baƙi su fara.

A hanyar dawowa Mukhtar ya tambaye ni hukunci. Na ce kiɗa ne. Sagiru ya riƙa danna hon har cikin Rano, yana gaya wa duk wanda muka wuce cewa yau an kayar da Sadiq. Da suka ga na yi shiru kwana biyu a benci sai suka ɗauka zafin faɗuwa ne, Mukhtar har yana ba ni haƙuri wai musu ai wasa ne.

Ranar Lahadi na rufe shago na tafi Durba ni kaɗai. A ƙofar gida na ci karo da Barira ta fito da ƙwarya, ta kawo wa Baba abinci daga gidanta. Ta tsaya ta ƙare mini kallo.

"A'a, baƙon Rano ne? Wa kake nema?"

"Yaya, don Allah."

"Kada ka ce mini yaya. Mijina kwana uku ke nan ba ya iya miƙewa sosai saboda layin da ya ɗaukar maka. Gayyar Durba ta jibi kuma an aika wa mai gangar Kibiya, an ce Baba ya huta, idonsa ya taɓu. Idon da ya gane ka cikin hula da tabarau." Ta share hawaye da gefen mayafi, ta wuce ba ta ƙara kallona ba.

Baba yana zaure, ya kwantar da gangar a cinyarsa yana sauya mata igiya. Na yi sallama, na zube a ƙasa tun daga bakin ƙofa. Ya amsa, ya leƙa bayana.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Baba."

"To tashi, Garba. Shigo."

Ban tashi ba. Na faɗi duk abin da na tsara a hanya, da wanda ban tsara ba. Na ba shi labarin makaranta da dukan tebur, abin da ban taɓa gaya masa ba. Na ce na yi abin kunya, na ce ya yafe mini. Na ce jibi zan zo gayyar Durba in tsaya a gaban kowa, ya kaɗa mini, in amsa har a ji a Kibiya. Kuka nake sosai, ba na ɓoyewa.

Ya bar ni na gama. Ya ce yafiya ya yafe tun a gonar, bai kwana da ni a ransa ba. Ya ce gayyar jibi kuma ba shi zai kaɗa ba.

"To wata. Duk wadda aka kira ka."

"Ko an kira ni, taken ba naka ba ne yanzu," ya ce. "An kira sau uku a gaban jama'a, Ishiyaku ya amsa, ya kai layin ƙarshe. Wanda ya amsa ya kai ƙarshe shi ke da shi, haka na tarar ana yi. Ba zan karɓe a hannunsa ba, bai yi mini abin da zan karɓe ba."

"Ka yanka mini wani."

"A zaure? Ai sai na ga mutum da garma nake sanin abin da zan ce masa. Kai kuwa rabona da ganinka da garma shekara goma sha biyu." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya ja igiyar da haƙori, ya ɗaure, ya gwada fatar da yatsa. Sannan ya ɗago ya dube ni sosai.

"Abu ɗaya nake roƙonka, Garba. Na gane zamanka a Rano akwai yadda ka tsara shi, ni kuma ba zan ɓata maka ba. Amma in za ka sake zuwa da mutane inda nake, ka yi mini waya tukuna, in san yadda zan gaishe ka. Ni ban iya ƙarya ba. Ranar nan da ƙyar na yi ta."

Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, ya ce in miƙo masa wuƙar da ke bayana. Na miƙa masa.